Mitin Bai Ƙare Ba, Jirgi Ya Tashi

Akwai wata baiwar Allah mai suna Asama'u, ma'aikaciyar lafiya a wani ƙaramin asibiti da ke bakin ruwa, can wajen Warra. Aikinta allurar rigakafin yara. Yarinya ce mai haƙuri, irin haƙurin nan da ko ƙafarta ka taka, ita za ta riga ka cewa sannu.

Shugaban asibitin sunansa Malam Bashiru. Ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Ba ya zagi, ba ya cin haƙƙin kowa. Cuta ɗaya Allah ya jarrabe shi da ita, son mitin. Tun da aka tura shi wata bita a Birnin Kebbi ya dawo, shi ke nan. Tsintsiya ta ɓace, mitin. Wani ya ajiye babur a karkace, mitin. In kuwa ya gyara zaman hula ya ce "a taƙaice", to ku gyara zama, yanzu aka fara.

Kowa a asibitin da dabararsa. Sani mai ba da magani ya sayi baƙin tabarau, ya zauna a baya ya sha barcinsa, jefi-jefi yana gyaɗa kai kamar mai fahimta. Jamilatu ungozoma tana ɓare gyaɗa a cikin hijabi. Wasu su ce za su kama ruwa, sai dai a gan su gobe. Amma da Malam ya ce, "Ko ba haka ba?" sai duk su haɗa baki:

"Haka ne, Yallabai."

Asama'u ba ta barci, ba ta gudu. Zama take yi ranta na tafasa a ciki, fuska kuwa sumul.

To, akwai wata tungar masunta a wani tsibiri cikin ruwan, inda mata suka daɗe ba sa yarda da allura. Asama'u ta yi ta zarya wurinsu. Ta zauna da su a bakin bandar kifi, hayaƙi na cin idonta, har ta shawo kan babbarsu, wata tsohuwa da ake kira Inna Mairo. A tungar nan in Inna Mairo ta ce a fito, an fito. In ta ce a zauna, ko kaza ba ta motsi.

Aka sa rana. Mata suka bar aikinsu suka fito da yara, suka yi ta jira har inuwa ta juya. Asama'u ba ta zo ba. Mitin ya riƙe ta.

Da ta je ba da haƙuri, Inna Mairo ba ta ɓoye mata komai ba.

"Ke ɗiyata, ni na sa matan ga suka bar kifi bisa wuta. Kin sa an yi mani dariya da hurhurata. Zan sake tara maki su sau guda, don an ce ƙyanda ta shigo tungar da ke gaba da mu. In kin sake saɓawa, kada ki ƙara taka ƙasar ga da kayanki."

"In sha Allahu, Inna, ba za a sake ba."

"Allah dai yana so. Ke ce ban sani ba."

Ranar ta zo. Hanyar zuwa tsibirin guda ce, jirgin masu sarin kifi. Da hantsi yake tashi kuma ba ya jiran kowa, don in rana ta take iska kan motsa ruwa, ba mai son ƙetarawa. Allurar kuwa tana cikin firij, ɗakin firij a kulle, mabuɗin yana aljihun Malam Bashiru.

Tun da sassafe Asama'u ta iso, ta wanke kular da take zuba allura da ƙanƙara, ta tare shi a baranda.

"Yallabai, ina kwana? Dama mabuɗin ɗakin firij..."

"Lafiya lau, Malama Asama'u. Bayan mitin. Ɗan gajere ne, yanzu za mu tashi."

Me ta ce? Ta ce, "To, Yallabai."

Kun ji fa. "To." Wannan kalmar ta cuci mutane da yawa.

Aka shiga ɗaki aka zauna. Sani ya buɗe taro da addu'a, ya mayar da tabaraunsa. Malam Bashiru ya miƙe ya gaida kowa da sunansa da muƙaminsa, kamar ba jiya suka rabu ba. Sannan ya shiga magana kan manyan baƙi da ake sa ran za su zo daga Birnin Kebbi, ba a ma san ranar ba. Wa zai tare su a ƙofa? A ina za su zauna? Za a yi anko ko ba za a yi ba? In za a yi, shuɗi ko ruwan toka?

Asama'u ta dubi taga. Rana ta hau kan katanga.

Wayarta ta yi gurnani a cikin jaka. Mai jirgi ne. Ta danne ta da tafin hannu kamar mai rufe bakin jariri.

Aka bar anko ba a yanke komai ba, aka koma kan akuya. Wata akuya ce take shigowa harabar asibiti tana cin furannin da Malam ya dasa. Ta wa ce? Jamilatu ta ce ta mai shayi ce. Wani ya ce a'a, ta mai shayi tana da fari a goshi. Malam ya ce wannan batu ne mai muhimmanci, sai an kafa kwamiti.

Asama'u ta gyara hijabi, ta sake gyarawa. Ta ɗora jaka a cinya, ta sauke, ta sake ɗorawa. A idonta tana ganin matan tunga suna shimfiɗa tabarmi a gindin bishiya, suna goge wa yara majina, suna duban ruwa. Tana ganin Inna Mairo ta tokare haɓa da sanda.

Guduwa ba ta da amfani. Ta gudu da me? Da kula ba komai a ciki?

A gefenta akwai wani dattijo, Baba Elijah, mai gwajin jini. Mutum ne mai taushin zuciya, dattijo ne kuma a majami'arsu. Ya ga yadda take murza yatsu, ya sunkuyo.

"'Yata, lafiya? Ko kunama ce a kujerar?"

"Baba, jirgi zai tashi. Yau ce ranar tunga. In na sake saɓa musu, shi ke nan."

"To ki faɗa masa mana."

"Haba Baba! Yana cikin magana? Ni 'yar wa?"

Baba Elijah ya sosa gemu. Can ya ce, "Bar ni da shi."

Kun san al'adar ofisoshinmu. In Musulmi ya buɗe taro da addu'a, Kirista ke rufewa. In aka ce amin aka shafa, taro ya mutu, kowa ya nemi takalminsa. A asibitin nan kuwa Baba Elijah ne mai rufewa kullum.

Sai ya yi kwanto. Malam Bashiru ya tsaya ya ɗauki ledar ruwa ya kai baki. Ruwan bai wuce maƙogwaro ba, Baba Elijah ya miƙe tsaye ya cire hula.

"Mu yi addu'a!"

Kai, ba ku ga sauri ba. Kafin ƙiftawar ido duk ɗakin an sunkuyar da kai, an ɗaga hannu. Har Sani ya farka ya ce amin tun ba a roƙi komai ba. Malam Bashiru ya tsaya da leda a baki, ido waje. Ya katse addu'a? Addu'ar abokin zama kuma? Ai kafin la'asar zancen ya zaga gari. Dole ya ajiye ruwan ya sunkuya.

Asama'u ta ji wani sanyi a ranta. Ta kama hannun jakarta ta shirya.

Baba Elijah ya gode wa Ubangiji da ya tashe su lafiya. Ya roƙa wa marasa lafiya sauƙi. Nan ya kamata ya tsaya. Sai ya buɗe ido ɗaya don ya ga yadda ake ciki, ya yi arba da idon Malam Bashiru, jajir, yana kallonsa ta ƙasan hula.

Dattijo ya rufe idonsa ruf. Ya gane cewa da ya ce amin, shi da Malam ne. To, wa ke gaggawar zuwa wurin hukunci?

Sai ya ci gaba.

Ya roƙa wa ƙasa zaman lafiya. Ya roƙa wa shugabanni daga sama har ƙasa. Ya roƙa wa manoman shinkafa, da masu albasa, da masunta, da masu jirgi, da matafiya na tudu da na ruwa. Ya roƙa wa ɗalibai. Ya roƙa wa waɗanda ba su yi aure ba da waɗanda suka yi suke nadama. Hannayen mutane suka gaji suka fara sauka. Jamilatu ta ce amin da ƙarfi don ya gane, shi kuwa ya ɗauka ƙarfafa shi take yi.

An gudu gara, an faɗa gidan zago.

Wayar Asama'u ta yi gurnani, ta ƙara, ta ƙara. Hawaye suka taru mata. Ta ja gefen rigarsa. Sai a nan ya sauke, muryarsa har ta dushe. Aka ce amin, aka shafa, kujeru suka fara ƙara.

Malam Bashiru ya ɗaga hannu.

"Mun gode, Baba Elijah. Allah ya karɓa. Wannan sai mu ɗauke ta a matsayin addu'ar tsakiya. A koma a zauna. Muna kan batun akuya."

Jikokina, a nan ne abin ya kai wa yarinyar nan wuya. Ta duba waya, ta ga saƙon mai jirgi: ya gaji, zai kwance igiya. Ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Ta zo gaban tebur ta rusuna.

"Yallabai, a gafarce ni, na katse ka. Yau ne matan tunga suka tara mini yara don allurar ƙyanda. Wancan karon mitin ne ya hana ni zuwa, suka wuni a rana. Sun ce in na sake, kada in ƙara zuwa. Jirgi yana tashi yanzu. Ina roƙon mabuɗin ɗakin firij."

Jamilatu ta daina tauna gyaɗa. Kowa yana jiran tsawa.

Malam Bashiru ya dube ta, baki buɗe.

"Yau? Yanzu? Subhanallahi! To me ya hana ki faɗa tun safe?"

"Na ce maka mabuɗi, Yallabai."

"Kin ce mabuɗi, ba ki ce jirgi ba! Ba ki ce yara ba! Wancan karon ma ni ne?"

Ta gyaɗa kai.

Ya juya ya dubi sauran. "Ku duk kun sani?"

Ba wanda ya ɗago. Yau kam ba a sami mai cewa "haka ne, Yallabai" ba.

Bawan Allahn nan bai taɓa sanin yana cutar kowa ba. Shekara da shekaru yana magana ana gyaɗa masa kai, ya ɗauka daɗi ake ji. Rashin sani ya fi dare duhu, amma wanda ya ga makaho zai faɗa rami ya yi shiru, shi ma yana da kaso.

Ya zaro mabuɗi da kansa ya ruga. Aka zuba allura, aka jera ƙanƙara. Ya tada babur, ya ce Jamilatu ta hau bayan Sani da kula, ita Asama'u ta tare ɗan acaba, shi zai yi gaba ya tsayar da jirgi.

Da suka isa bakin ruwa, suka tarar da shi tsaye shi kaɗai, riga na kaɗawa. Jirgin ya yi nisa, ya koma kamar ƙwaryar da ruwa ya ɗauke.

Asama'u ta zauna a kan wani kifaffen kwalekwale ta rufe fuska.

Malam Bashiru ya yi ta zirga-zirga a bakin ruwa, ya tambayi wannan, ya roƙi wancan. Kowa ya dubi sama ya ce iska ta kusa. Da ƙyar ya samu wani masunci mai ƙaramin jirgi da inji, ya sayo masa mai daga aljihunsa.

"Malama Asama'u, tashi ki shiga. Allah ya tsare."

Ta share ido, ta dube shi. Wanda ya buɗe baki sau ɗaya, na biyu ba ya masa wuya.

"Yallabai, in na je ni kaɗai ba za su saurare ni ba. Na riga na zama maƙaryaciya a wurinsu. Sai dai su ji daga bakinka."

Malam Bashiru ɗan tudu ne, ko rafi ba ya so. Ya dubi ruwan nan da ba a ganin ƙarshensa, ya dubi ɗan jirgin. Ya naɗe ƙafar wando ya shiga.

Ba su kai rabi ba iska ta fara. Jirgi ya ɗaga ya sauke, ruwa ya watso musu. Malam ya rungume kular nan a ƙirji, bakinsa sai salati. Tun da aka san shi ba a taɓa jin ya daɗe haka bai yi jawabi ba.

Da suka sauka a tsibirin, gindin bishiya wayam. An naɗe tabarmi. Hayaƙin banda ya tashi ta ko'ina, mata sun koma kan kifinsu. Inna Mairo kaɗai ce zaune a kan turmi.

Asama'u ta durƙusa. "Inna, ina wuni?"

Tsohuwa ta dubi mutumin da ke bayanta, jiƙe sharkaf, hula a karkace.

"Wanga fa?"

"Shugabanmu ne, Inna."

Malam Bashiru ya ajiye kula, ya gyara murya. Hali zanen dutse.

"Hajiya, da farko dai ina so in yi amfani da wannan dama, a madadin ni kaina da ɗaukacin ma'aikatan..."

"Kai yaro," in ji Inna Mairo. "Magana ka kawo ko allura?"

Ya nuna kula.

"Allura, Inna."

"To mi ya hana ta zuwa da hantsi?"

Ya sunkuyar da kai. "Ni ne. Na zaunar da ita ina surutu. Wancan karon ma ni ne. Yarinyar nan ba ta da laifi."

Tsohuwa ta dafa sanda ta miƙe.

"Ni ba zan sake kiran kowa ba, bakina ya ƙare. Ɗauki kayanka. Ka bi gida gida, ka tsaya bakin zana ka faɗa masu abin da ka faɗa mani. Haka nan gajere. In ka ƙara ko kalma guda, su ƙone kifi, kai za ka biya."

Haka aka yi. Babban mutum, shugaban asibiti, yana saɓe da kula cikin rana, Inna Mairo na gaba da sanda, Asama'u na baya. A kowace ƙofa ya yi sallama ya ce, "Laifina ne, ku yi haƙuri, a fito da yara." Wata ta yi tsaki, wata ta yi dariya, wata ta ce ashe manya ma suna ba da haƙuri. Amma sun fito. Asama'u ta zauna a inuwa ta kama aiki, kukan yara ya cika tunga, ita kuwa a kunnenta ya fi kiɗa daɗi.

Sai gida ɗaya, can ƙarshen tunga. Suka yi sallama, shiru. Maƙwabciya ta leƙo ta ce matar gidan ta fi kowa sammako, ta zauna da 'ya'yanta har rana ta take. Da ta ga ba a zo ba, mijinta ya kwashe su a kwalekwale sun bi kifi can ƙetare. Ba a san ranar dawowarsu ba.

"Wane ƙetaren?" in ji Asama'u.

Matar ta nuna da baki. Wajen tungar da aka ce ƙyanda ta shiga.

Asama'u ta tsaya tana duban ruwa. Ba zan yi muku ƙarya ba, ban san abin da ya sami yaran nan ba. Allah dai ya tsare su inda suke.

Da iska ta lafa za su koma, Inna Mairo ta rako su har bakin ruwa. Ta kama hannun Asama'u ta matse.

"Wata mai kamawa ki zo, ɗiyata. Zan tara maki su."

Ta juya ta dubi Malam Bashiru, wanda ke ta laluben inda zai sa ƙafa a jirgi.

"Ke kaɗai kin isa."

Darasi: 'Ya'yana da jikokina, haƙuri daban, shiru daban. In zama ya zama ɓata lokaci kuma akwai haƙƙin wani a wuyanka, kada ka yi barci, kada ka sulale, kada ka nemi dabara ta bayan gida. Tashi da ladabi ka faɗi abin da ke jiranka, ka faɗe shi duka, tun da wuri. Ku kuma shugabanni, lokacin mutane amana ne, kuma ba duk mai gyaɗa muku kai ne ke jin daɗinku ba. Kafin ka buɗe taro, tambaya ko akwai wanda ake jira a wani wuri. Ku tura wannan labarin ga abokan aikinku, in kuma kuna da ƙarfin hali, ku tura wa ogan ma.